Miligiram Ɗari Biyar Cif

Kwana huɗu Col Dunstan, tsohon manomin inabi a garin Swan Hill, yana murƙususu a kan gado kafin a gane cewa kwalbar mofin ɗinsa, maganin kashe zafin ciwo, ruwan sikari ce zalla. Ciwon daji ya hana shi haɗiye ƙwaya, shi ya sa ake haɗa masa na ruwa a kantin magani na Glenys Whitford.

Saja Renata Ferraro ta 'yan sanda ta isa kantin da hantsi. Glenys ta shekara talatin da lasisinta, ba a taɓa jin kanta da hukuma ba, yau ga shi yana lilo. Ta zube takardun haɗi a kan tebur. Dokar jiha ba ta wasa da wannan: kowane haɗi da takardarsa, nawa sikeli ya nuna, wa ya auna, wa ya duba.

"Wa ya haɗa na Col?"

"Kwalba biyu aka yi masa a watan nan. Ma'aikatana biyu ne suka haɗa: Tahlia ɗaya, Brendan ɗaya. Rubutun jikin ta bogin ya jiƙe ya goge."

Renata ta fara da Brendan, mai farar riga sai ƙamshin guga.

"Ranki ya daɗe, dubi takarduna, ko ɗigo babu. Ki dubi na Tahlia, kamar kaza ta yi tono."

Kuma bai yi ƙarya ba. Na Tahlia duk gyare-gyare ne, nan miligiram 498, can 503, maimakon 500.

Renata ta juya ga Tahlia. "Me ya sa lambobinki ba sa daidaita?"

"Haba Saja, kin taɓa auna garin magani? Numfashinki ma motsa sikelin yake. Abin da ya nuna nake rubutawa, ni ba boka ba ce."

Renata ta sake duba takardun. Sannan ta kira Brendan, ta miƙa masa garin gwaji.

"Auna mini ɗari biyar."

Sau biyar ya auna, ya dace sau ɗaya. Sai ta jera masa takardunsa na mofin guda goma sha ɗaya, kowacce ɗari biyar cif.

"Mai aunawa yakan dace wata rana. Wanda ke dacewa kullum bai hau sikeli ba. Lambar likita kake kwafa, garin ya bi aljihunka."

Nan take Renata ta sa aka kama Brendan.

Bayan an fita da shi, Glenys ta sauke ajiyar zuciya.

"To lasisina ya tsira ke nan?"

Renata ta ji tausayinta ƙwarai, amma ta sa yatsa a ƙasan takardun. Gurbin mai dubawa, duk goma sha ɗayan, sa hannun Glenys ne.

"Kin taɓa tsayawa a kansa yana aunawa?"

"Tahlia nake tsarewa," in ji Glenys a hankali. "Shi takardunsa sun fi na kowa tsabta."

Ba ta jira hukuma ba. Ta jawo kujera ta taka, ta sauke lasisin daga bango da hannunta.