Mai Rijiyar Bayan Dutse

A can zamanin da, an yi wani mutum a ƙauyen da ke bayan wani babban dutse. Hadari kan juye ruwansa a gaban dutsen, ya ƙetaro babu ko ɗigo, har ƙasar ta zama hamada. Mutane suka yi ƙaura.

"Baba, taso mu tafi," in ji 'yarsa.

Ya ce, "In na tafi, wa zai riƙa yashe wa matafiya rijiya?"

Ta bi mutane ta tafi, shi ya zauna. Kullum rairayi ya rufe rijiyar, kullum ya yashe ta. Shekara ta bi shekara.

Wata rana ayari ya iso, ƙishirwa ta galabaitar da kowa. Cikinsu har da 'yarsa, kanta duk furfura. Ta sha ruwan rijiyar, hawaye ya zubo mata.

Ta ce, "Baba, ruwan gidanmu bai canza ba."