Ƙullin Ɗan Kanti

"Ni ce na rufe shi, Kaka! Wallahi ni ce!"

Jikata Gumsu ke nan, durƙushe a wurin shanya, hannunta cike da tattasan da ya yi baƙi yana wari. Kwana biyu na yi a Diffa wajen likitan ido, sai wani ya lulluɓe shanyar da leda tun tana ɗanya, rana ta dafa ta. Rabin noman shekara!

Ni Bukar, da na ƙetare Komadugu bisa gora tana tsakiyar cika don in auro kakarta Kubura, na fito daga Yebi da ƙafata ranar gudun hijira, na kafa sabon lambu a Shetimari da furfurata, ni za a yi wa ƙarya? Ban shiga lakwal na koyi boko ba, amma igiya ina karanta ta. Na ɗaga bakin ledar na duba ƙullin.

"Amaryata, wannan ɗaurin dilar atamfa ne. Hannun ɗan kanti."

Ta sunkuyar da kai...

Ɗan kantin kuwa Zaidu ne, ɗan Damagarawan nan masu shago a kasuwar Diffa. Sau biyu iyayensa na aiko neman aurenta, sau biyu ina cewa ba na ba mai hannun auduga. Faisal nake so, ɗan maƙwabcina, wanda ya tashi cikin taɓo.

"In shi ne, kin san magana ta mutu?"

"Na sani, Kaka..." Hawaye ya zubo. "Shi ya sa na ce ni ce."

Ba ta rufe baki ba sai ga Zaidu cikin farar shadda, ƙamshin turare na gaba yana biye. Faisal na bayansa yana cin goro.

"Baba, kada a taɓa ta. Ni na ɗaura. Na ga raɓa na sauka, na ce in taimaka."

"Zaidu, ka yi shiru mana!"

"Ba zan yi ba, Gumsuna. Ba zan ɓuya bayan zanenki ba."

Faisal ya tuntsire da dariya. "Ya ɗauka atamfa ce, Kaka!"

Ni ban yi dariya ba. Ledar nake kallo. Akwai ƙunar garwashi a kusurwarta, kuma ni na ƙona ta da kaina a Yebi, kafin in ba uban Faisal ita kyauta.

"Kai ɗan Damagaram, wa ya ara maka wannan? Wa ya ce ka rufe?"

Ya dubi Faisal. Goron ya tsaya a kumatun Faisal.

"Hannuna ne ya ɗaure, Baba. Hannun za a tambaya, ba wani ba."

"To, hannun zai biya. Ka zauna ka tsince mai rai daga matacce, ɗaya-ɗaya. Ka tashi kafin ka gama, kada in sake ganin inuwarka."

Ya tuɓe shaddar ya rataye a ƙaya.

Kwana shida! Ranar farko atishawa ta kusa kashe shi. Ranar uku yatsunsa suka kumbura, uwarsa ta aiko mota a ɗauke shi, ya mayar da ita. Gumsu na kawo ruwa ta ajiye nesa, don na hana magana.

"Kaka, idonsa fa ya rufe..."

"Ni shekara sittin ina tsinta, ko tari ban taɓa yi ba!"

"Kaka Kubura ta ce ranar farko kuka ka yi."

"Allah ya jiƙanta, ta iya ƙari."

Ranar shida ya ɗaure buhun ƙarshe ya zo ya durƙusa. Na aika aka kira Faisal, na naɗe ledar na ɗora masa a ka.

"Kai wa babanka kayansa. Ka ce Bukar ya gane ƙunarsa."

Ya riƙe ledar a ka. Ya juya.

Na kama hannun Zaidu na juya shi. Ja wur, duk ya tsage.

"Audugar ta ƙone," na ce. "Ka ce wa iyayenka su zo ranar Juma'a."

Gumsu ta yi ƙara ta faɗa jikina, sai ta ɗago tana leƙen fuskata.

"Kaka... kuka kake?"

"Ke, tafi can! Hannun mijinki na taɓa, na shafa ido."