Ranar da Kogin Anacostia Ya Janye

An ce Ousmane ya ci amanar abokan fashinsa. An ce ya suri jakar zinaren Hajiya Salimatu, ya faɗa kwale-kwale, ya bi kogin Anacostia na nan Washington ya ɓace, yanzu yana can Yamai yana ɗora bene. Wata a wurin suna a garin Laurel har rantsuwa ta yi mini, wai ƙanwar maƙwabciyarta ta gan shi cikin sabuwar mota. Na tambaye ta launin motar. Ta ce, "Ke dai Hajiya, boko ya hana ki zaman lafiya."

Da na bar maganar, ba don Jidda ba. Matar Ousmane ce. Ta zo gidana wata safiya, ta zauna a bakin kujera, ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

"Inna, ni ba zancen zinare ya kawo ni ba. Ina da miji ko ba ni da shi? In guduwa ya yi, in sani in haƙura. In mutuwa ya yi, in shiga takaba kamar kowace mace. Na kai abinci wajen walima, ba wadda ta taɓa. Wai da kuɗin sata na dafa."

Na ce ta ba ni lokaci. Na je gidan yari na ga mutum biyu. Na je Bowie, gidan Hajiya Salimatu. Na nemo 'yar sandar da ta bi sawunsu. Na je bakin kogin da kaina, ina dogara sanda. Ga abin da na haɗa.

Su uku ne. Mahamane, direban tasi, ɗan Gaya ta bakin kogin Kwara, jikan masunta, shi ne babba. Braimah, ɗan Kumasi, mai gadin wani sito a Laurel. Sai Ousmane, wanda Mahamane ya ɗauko daga filin jirgi ranar da ya fara taka ƙasar nan, ya ba shi katifa, ya koya masa tituna. Yaya yake kiransa. Bai taɓa iya ce masa a'a ba.

Wata Juma'a bayan an sauko, Mahamane ya kai su bayan wata gada, suka kutsa cikin itatuwa har bakin ruwa. A wani lungu na kogin akwai tsofaffin jiragen shaƙatawa, masu ɗaki a ciki, waɗanda aka ɗaure aka manta. Mai wannan ya mutu. Mai wancan ya gaji, ya kankare lambarsa ya yi gaba. Fenti ya ɓare, tagogi sun yi kore, wani ma sai rufinsa ake gani, agwagi na tsaye a kai.

"Ku duba can," in ji Mahamane. "Mai shuɗin bakin nan."

"Chale, wannan ai bola ce," in ji Braimah da irin maganarsu ta Kumasi.

"Bolar muke so. Kowane titi a garin nan da kamara. Ka taɓa ganin kamara a kan bola? Ofishin nan ya ce jirgin na wancan ne, wancan ya ce a nemo mai shi, mai shi kuwa yana lahira. Mu gama harka, mu yar da mota, mu tuƙa kwale-kwale zuwa can, mu kwanta har ƙura ta lafa."

"Yaya, ni fa ban iya ruwa ba," in ji Ousmane.

"Bon, ku ji shi! A cikin jirgi aka yanke mini cibiya. Wanda ya tuƙa Kwara shi ne wannan ɗan rafin zai ba tsoro? Kai dai riƙe sitiyari, bindiga ba taka ba ce."

"Bon" ɗin nan ita ce "to" ɗin Mahamane, ba ta barin bakinsa. Ya sami dogon reshe ya zura cikin ruwan. Ruwa ya kai ƙirjin mutum. Suka tsallake Juma'a guda, suka sake dawowa a daidai wannan lokaci da ƙaramin kwale-kwale, suka ɗaure shi a saiwar itace. Ya sake zura reshen. Ruwa na nan yadda yake.

"Kun gani? Kogi da lokacinsa. Ba ya sauka sai rani."

A Gaya, gaskiya ya faɗa. Can kogi a hankali yake cika, a hankali yake sauka, kamar tsufa.

Juma'ar da ta biyo, maza suna masallaci. Hajiya Salimatu, mai sayar wa matanmu sarƙa da awarwaro a ɗakin ƙasa na gidanta a Bowie, tana kicin tana tuƙa tuwo. Aka buga ƙofa. Ta zaci mai kawo saƙo ne.

Ta buɗe — fuskoki biyu a rufe, bindiga a gaba!

"Ciki! Kada ki yi ƙara!"

"Innalillahi! Me na yi muku?"

"Ɗakin ƙasa! Maɓalli!"

"Massa, yi sauri," in ji Braimah ga babban nasu.

Suka tasa ta gaba. Maɓallin ya faɗi, ta ɗauka, ya sake faɗi. Akwati ya buɗe. Braimah na kwasa yana zubawa a jaka. Sai babban ya ce, "Bon, ya isa."

Ta ɗago kai.

"Mahamane? Ba kai ka kai ni filin jirgi ba? Ka ci tuwo a gidan nan—"

Gindin bindiga ya sauka a kunnenta. Ta zube. Har yau kunnen ba ya ji. Ta gaya mini abin da ta fara ji da ta farfaɗo shi ne warin tuwon da ya ƙone.

A waje Ousmane na riƙe da sitiyari, yana ta salati a ransa. Suka faɗo motar.

"Ja! Ja mu tafi!"

"Yaya, jinin me ne a hannunka?"

"Ja mota, na ce!"

Wata maƙwabciya mai ba fure ruwa ta ga motar, ta buga waya. Constance, 'yar sanda, tana cin abincin rana a cikin motarta lokacin da rediyo ya kira launi da lamba. Ta ajiye cokali, ta kunna jiniya, ta hau babban titin da ya nufi Washington.

Su kuwa sun riga sun kai gada. Suka yar da motar. Gudu cikin itatuwa, rassa na dukan fuska, jaka a kafaɗar Ousmane. Suka ɓullo bakin kogi — suka tsaya cak.

Babu ruwa.

Laka ce shimfiɗe, baƙa, tana sheƙi. Kwale-kwalen na zaune a kanta kamar kwanon da aka manta. Can gaba jirgi mai shuɗin baki ya kishingiɗa a gefe guda. Ɗan siririn ruwa ne kawai ya rage, nesa, a tsakiya.

"Ina kogin?" in ji Braimah. "Massa, ina kogin naka?"

"Ba ya yin haka," in ji Mahamane. "Wallahi kogi ba ya yin haka."

"To ga shi ya yi!"

Jiniya — nesa, sannan kusa!

"Da ƙafa za mu je. Ai ga shi nan."

"Kai da uwarka ta haifa a jirgi ka je. Ni na ware!"

Braimah ya juya ya bi gaɓa a guje. Ya waiga sau ɗaya, ya ga su biyun sun shiga laka, Ousmane a gaba, suna ciro ƙafa da ƙyar. Bai yi nisa ba karnuka suka cim masa a wani filin wasa. Duk 'yan sandan suka karkata can.

Iyakar abin da Braimah ya gani ke nan. Lauya ya ce ya kama bakinsa, ya kama. Amma duk wanda ya ziyarce shi sai ya ce masa ranar babu ruwa a kogin. Aka yi ta dariya. Wasu suka ce ƙwaya ce, wasu suka ce aljanu. Kogi ya ƙafe a yini guda, da damina ma? Mahamane kuwa an kama shi washegari a ɗakinsa, babu jaka. Shi ne ya ce suna isa gaɓa Ousmane ya faɗa kwale-kwale ya tuƙa ya bar shi tsaye. An kuma tsinci kwale-kwalen yana yawo can ƙasa. Mutane suka zaɓi labarin da ya yi kama da hankali.

Ni sai na ɗauki kujerar ninkewa da shayi a gora, na je na zauna a wurin tun hantsi. Ruwa cike. Na yi ta kallon agwagi. Can na ga saiwar itace ta fito. Sai tsohuwar taya. Sai laka. Kafin azahar ta wuce, kogin ya tattara ya koma tsakiya, jiragen suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Ban tashi ba. Da la'asar ta gota na ga ruwan yana dawowa, shiru, ba igiya, ba ƙara, yana haɗiye lakar.

Na daɗe a garin nan, na haye gadojinsa ba adadi, ban taɓa kallon ƙasa ba. Teku ne ke turo ruwan ya kuma janye abinsa, sau biyu kullum, kuma lokacin na gusawa kowace rana. Wanda ya duba yau, ya tsallake mako ya sake dubawa, zai tarar da shi yadda ya bari. Wanda ya dawo bayan mako guda, akasin haka zai tarar.

Na koma gidan yari. Mahamane ya zauna bayan gilashi, ya ɗauki wayar, ya gaishe ni da ladabi kamar ba shi ba.

"Mama, ina gajiya? Ya sanyi?"

"Sanyi ya wuce. Mahamane, a kan laka ake tuƙa kwale-kwale a Gaya?"

Ya kau da ido. Na ci gaba.

"Na zauna a wurin yini guda. Braimah ba mahaukaci ba ne. Gobe zan kai 'yar sandar nan ga jirgi mai shuɗin baki, ka yi magana ko kada ka yi. Abin da zan gaya wa Jidda nake nema."

Ya jingina goshinsa da gilashin. Sannan ya fara.

Sun zagaya bayan jirgin, inda ba a hango su daga gaɓa. Nan lakar ta fi taushi. Ousmane ya nutse har cinya. Mahamane ya dafa kafaɗarsa, ya kama igiya, ya haye. Ya karɓi jaka. Ya miƙo hannu ya ja — Ousmane ya ƙara nutsewa, har ƙugu.

"Yaya, ta riƙe ni."

"Daina motsi! Tsaya cak. In gari ya yi shiru zan nemo katako in ciro ka."

"In ruwan ya dawo fa?"

"Ruwan da ya sauka yau? Sai wata shekara."

Suka jira. Jirgin sama na shawagi a kan itatuwa. Ousmane na tsaye cikin laka yana rawar sanyi, yana karanta abin da ya sani. Can ya ce, a hankali:

"Yaya, cikina ya jiƙe."

Mahamane ya leƙa. Ruwa ne, siriri, yana zagaye jirgin.

Ya sake ja, da igiya, da bel ɗinsa. Bel ya tsinke. Ruwa ya kai haƙarƙari. Ya kai ƙirji.

A lokacin ne Constance ta ɓullo daga cikin itatuwa ta tsaya a gaɓa. Ruwa ya riga ya shafe sawu. Ta ga kwale-kwale a ɗaure yana lilo, ta ga tsofaffin jirage. Rediyonta ya yi ƙara: "Akwai wani abu a wajenki?"

"Ba komai," ta ce. "Matattun jiragen nan ne kawai."

Ousmane ya ji muryarta.

"Yaya, kira ta. Don Allah. Su kama mu, ba komai."

"Yi shiru! Yanzu za ta tafi."

"Ya kai wuyana. Yaya, Jidda—"

"Na ce ka yi shiru!"

Ya yi shiru. Mahamane ya ce wannan ne ba ya barinsa barci: da ya ce masa ya yi shiru, ya yi. Sai da ruwa ya taɓa haɓarsa ya buɗe baki zai yi ihu. Mahamane ya kwanta a bakin jirgin, ya miƙa hannu ya toshe bakin.

Constance ta ce ta tsaya a wurin kamar yadda mutum zai sha kofin shayi, sannan aka kira ta ta juya. Da na gaya mata, ta cire hularta ta riƙe.

Da ruwa ya cika, lakar ta saki. Mahamane ya jawo Ousmane cikin ɗakin jirgin, babu rai, ya kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar gabas, ya rufe shi da wani tsohon labule, ya ja ƙofa. Ya yi iyo zuwa gaɓa, ya kwance kwale-kwalen ya tura shi.

An buɗe jirgin da bazara, aka tarar da gawar Ousmane. Jakar na ƙarƙashin kujera, ba abin da ya ɓata a ciki. An mayar wa Hajiya Salimatu. Ta daina sayarwa. Braimah zai gama zamansa a mayar da shi Kumasi. Mahamane ba zai fito da ƙuruciyarsa ba. Jirgin yana nan inda yake, har yanzu ba a san wanda zai ɗauke shi ba.

Ousmane bai taɓa barin kogin ba. Ya rasu ranar Juma'ar da aka yi fashin, bayan la'asar. Jidda ta tambayi liman ranar da za ta fara takaba. Ya ce daga ranar rasuwa ake lissafi, kwanakinta sun riga sun ƙare.