Takardar Gonar Abah

A wurin ajiye motoci na wani gidan abinci a Annandale Lilis ta miƙa wa Muntaka takardar, ranar wata Asabar da la'asar. Shafi huɗu ce, da yaren ƙasarsu da fassarar Turanci a gefe. Ya karanta da biro a hannu, har ya gyara waƙafi ɗaya kafin ya gane abin da ake nufi.

"Wato tun ba a ɗaura ba mun fara rabon kaya?"

"Ba rabo ba ne, Akang..." Haka take kiransa, yadda matan ƙabilarsu ta Sunda suke kiran namijin da suke girmamawa. "Dokar ƙasarmu ce. In na auri baƙo babu yarjejeniyar cewa dukiyata daban, taka daban, gonar Abah, mahaifina, ba za ta zauna da sunana ba. Sai an sayar."

"To a sayar mana."

Muntaka ɗan Kura ne, da digiri uku a kimiyyar ƙasar noma, yana aiki a wani ɗakin bincike a Beltsville. Ka ba shi ƙasa cokali ɗaya, zai gaya maka abin da ta ci da abin da ta rasa. Fuskar mace ce dai ba a koya masa karantawa ba, shi ya sa ya ci gaba da magana.

"Neng," ya ce, yadda ake kiran budurwa a yarensu, "gonar nan gaba ɗaya ba ta kai filin da muke tsaye ba. Ke kika gaya mini."

Gaskiya ne, ita ta gaya masa. Shekara biyu tun haɗuwarsu a wani buɗa-baki a masallaci, ita ma'aikaciyar jinya da ta taso daga aiki da yunwa, babu ranar da ba ta ba shi labarin Cikadu ba. Ƙauye ne mai gida saba'in a jikin dutse, a yammacin tsibirin Jawa. Gonakin shinkafa hawa-hawa kamar matakala, tara daga ciki na mahaifinta. Mota tana shiga sau biyu a rana in ba a yi ruwa ba. Samari da 'yan mata duk sun watse, wasu Jakarta, wasu Malesiya, wasu aikatau a Saudiyya, an bar tsofaffi da agwagi. Yanzu kuma wani ɗan birni yana zagaye yana sayen gonaki, zai gina masauki don masu zuwa hutu su ɗauki hoton noma.

"Kuma na riga na cike wa Abah takardun biza," in ji Muntaka. "Ya zo ya huta. Ga ɗaki, ga asibiti..."

"Ka cike? Yaushe?"

"Mako uku ke nan. So na yi in ba ki mamaki."

"Ka kuwa ba ni."

Ta goge ido da bakin mayafinta.

"Ya huta ya yi me, Akang? Ya zauna a falo yana kallon taga? Mahaifiyata tana kwance a saman gonar nan. Kullum bayan asuba yana hawa ya yi mata addu'a, ya gaya mata yadda shinkafa ta kwana."

Muntaka ya mayar mata da takardar.

"A garinmu, in aka ba namiji takarda ya sa hannu cewa ba zai ci dukiyar matarsa ba, ɓarawo aka kira shi. Cikin ladabi dai."

"Ni ban kira ka ba."

"Takardar ta kira."

"Ina sonka, ka sani... Amma ni kaɗai gare shi. Ƙarfinsa ya ƙare, yana so ya mayar da gonar sunana kafin girbi. In ba ka sa hannu ba, zan koma gida ba aure."

Ta ajiye takardar a kan murfin motarsa, ta danne da kwalbar ruwa don kada iska ta ɗauka, ta tafi.

Washegari ya tuƙa zuwa Bowie, gidan yayarsa Sa'adiya, likitar yara, wadda ita ce uwarsa da ubansa a ƙasar nan. Ya same ta tana tuƙa tuwo. Ya zayyana mata komai, yana jiran a taya shi fushi.

"Dama kana da niyyar cin gonar ne?"

"Haba Yaya."

"To me ya yi zafi? Ko a addini ma dukiyar mace tata ce. An ce ka rubuta abin da kake karantawa a littafi tun kana Islamiyya, shi ne ka kumbura."

"Mutunci fa, Yaya. Me mutane za su ce?"

"Waɗanne mutane? Abokinka Maitama da ya kwana biyu a mota saboda matarsa ta canza makulli?"

Ta kwashe tuwon, ta wanke hannu, sannan ta juyo. Muryarta ta sauka.

"Ka tuna gonar Baba ta bakin hanya?"

"Na tuna."

"Ni da kai muka ce a sayar, ta waya, daga nan. Muka ce wa zai noma. Bara da muka je gida, muka zo wucewa ta wajen gidan man da aka gina a wurin, wane ne ya juya kai yana duba wayar da ba ta yi ƙara ba?"

Muntaka ya dubi tukunyar miya.

"Ita ba ta so ta juya kai, Muntaka. Shi ke nan laifinta."

Ya ci tuwon, saboda baƙin ciki bai taɓa hana shi ci ba. A ranar Laraba ya sa hannu a gaban lauya, shafi huɗu, bai gyara komai ba.

Kiran Abah sai da aka shirya shi kamar tafiya. Tsohon ba shi da waya, ta maƙwabci zai ara, ya hau tudun bayan masallaci inda ake samun layi. Aka tsayar da ƙarfe takwas na safiyar Asabar, lokacin da can an idar da magariba. Sa'adiya ta ce a gidanta za a yi, don neman aure ba a yin sa a mota.

Lilis ta zo idanunta a kumbure. Ta ajiye wayar a kan teburin kicin, ta buɗe murya. Aka ji kukan kwaɗi kafin a ji mutum, sannan wata tsohuwar murya ta yi sallama.

Muntaka ya zame daga kujera, ya durƙusa a kan tayil, ya sunkuyar da kai.

"Me kake yi?" Lilis ta tambaya a hankali.

"Gaisuwa."

"Ba ya ganinka fa..."

"Suruki ne. Ki fassara kawai."

Ya gaishe shi, ya tambayi jiki, ya tambayi ruwa, ya tambayi gona, sannan ya ce a yafe masa zancen biza. Lilis tana fassarawa. Daga ƙarshe ta ƙara wata magana da ba shi ya faɗa ba.

"Me kika ce masa?"

"Na ce kana ƙasa a durƙushe."

Tsohon ya yi magana mai tsawo. Lilis ta fara dariya, hawaye na sauka.

"Yana tambaya, likitan ƙasa ya taɓa yankan shinkafa?"

"Ban taɓa ba."

"Ya ce ya yi zato. Ya ce a Cikadu ba a yanka da lauje. Wata 'yar wuƙa ce ake ɓoyewa a tafin hannu, a yanka zangarniya ɗaya-ɗaya, don kada shinkafar ta gani ta tsorata."

Muntaka yana da abin faɗa a kan wannan, da lissafi da hujja. Sa'adiya ta kafe shi da ido daga bakin ƙofa. Ya haɗiye.

"Ki ce masa zan koya."

Ta faɗa. Amsar ta zo gajera. Lilis ta rufe baki da hannu, ta kasa fassarawa, har sai da Muntaka ya ɗago.

"Neng... me ya ce?"

"Ya ce ka zo kafin girbi. Rana ta farko ka yi yanka tare da shi, rana ta biyu ka huta, don bayanka ba zai miƙe ba. Rana ta uku..." Ta sauko ta durƙusa a gabansa. "Rana ta uku ya ba ka ni."

Tsohon ya ƙara wata magana.

"Ya ce kuma ka tashi haka nan, ɗansa. Kafin layin ya yanke yana so ya ji ka zauna."