Mutumin da Ya Nutse a Gadonsa

Makka ba ta da teku, ko kogin kirki ba ta da shi. Duk da haka likitan da aka kira unguwar Zahir ya ƙi sa hannu a takardar mutuwa. Ya buga wa Sufeto Lurwanu waya ya ce wani masunci mai suna Zali ya nutse a ruwan gishiri, a kan katifarsa.

Lurwanu ya tarar da gidan cike da 'yan gaisuwa. Sauri ake a kai gawar Harami a yi mata salla bayan la'asar.

"Allah ya jiƙansa, baiwar Allah," ya ce wa Suhaila, matar mamacin. "Yaushe rabonsa da gaɓar tekun Shu'aiba?"

"Tun da aka hana kamun najil bai je teku ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi."

Najil jan kifi ne mai daraja. Hukuma kan hana kama shi lokacin da yake zuba ƙwai, lokacin ne kuma ya fi daɗi a bakin masu hali.

Lurwanu ya taɓa bayan gawar. Sanyi ƙalau, irin wanda tsohuwar na'urar sanyaya ɗakin ba za ta iya ba. A gemun akwai ɓawon kifi, ja.

"Zazzaɓi mai sanyi," ya ce. "Wa ya fara ganinsa?"

Ta sunkuyar da kai. "Yayana, Nawaf. Shi ke da kwale-kwalen da suke fita kamun kifi da shi."

A kasuwar kifi wani dillali ya rantse cewa rabonsa da najil har ya manta kamarsa. Lurwanu ya ɗaga buhun da ke ƙarƙashin tebur da ƙafa. Ga su nan jere, idanunsu garau.

"To ga shi ka tuna. Wa ya kawo?"

"Nawaf, da safe," in ji dillalin. "Ya ce in yi sauri in sauke, an yi masa rasuwa."

Da Lurwanu ya koma Zahir, Nawaf na ƙofar gida yana karɓar gaisuwa da carbi a hannu. Motarsa mai akwatin ƙanƙara ta sha wanka, har tana ɗiga. Lurwanu ya ja shi zuwa soro.

"Dillalinka yana gaishe ka, Malam Nawaf."

Carbin ya tsaya. Nawaf ya duƙar da kai.

"Igiyar angar kwale-kwalen ce ta harɗe masa ƙafa, ta ja shi ƙasa."

"Ka kira masu gadin teku?"

"Jirginsu na kusa, ina hango shi. In na kira su, suka ga kifin, kwale-kwale ya tafi ke nan. Na ce zan iya fito da shi ni kaɗai."

"Ka iya?"

"Na dai fito da shi."

"Sai ka sa shi ƙarƙashin kifin."

"A sama, wallahi. Mijin ƙanwata ne fa." Ya ɗago kai. "Kuma gata na yi masa, ya Sufeto. Da na kai rahoto, a Jidda za a binne shi. Ni na kawo shi Makka. Wa ba ya roƙon haka?"

Labulen soron ya motsa. Suhaila ce.

"Yaya, cewa ka yi babu kowa a tekun."

Nawaf bai dube ta ba. Wani kurtu da ke tare da Lurwanu ya sa masa ankwa.

"Ku tafi da shi, halas, magana ta ƙare," ta ce wa Lurwanu. "Amma ku bar min Zali. Don a sallace shi a Harami na yi muku ƙarya. An kusa kiran la'asar."

"Gawa ta zama ta hukuma, sai likitoci sun gama da ita."

"Yaushe?"

Lurwanu ya san likitocin, saboda haka bai yi mata alkawari ba.

Aka sa Nawaf a mota ɗaya, Zali a wata. 'Yan gaisuwa kuwa suka wuce Harami, tunda sun riga sun yi alwala. Ba a rasa gawar yi wa salla a can.