Wankin Riguna Goma Sha Uku

Ku matso ku ji abin da kujerar koci ta yi wa gidan Kaupa Dekene.

Kulob ɗin zari-ruga na garinmu, can sama da birnin Goroka, ya sha kashi sau goma sha ɗaya a jere, aka sallami koci. Wani attajiri mai gonakin kofi ya yi alkawarin gida da mota da albashi ga wanda zai gaje shi. Kwamiti ya ce masu nema biyu kowa ya jagoranci wasa ɗaya. Dattijo Mondo ya yi nasa, ya faɗi. Saura Kaupa, wanda ciwon gwiwa ya mayar da shi mai tallan dankali.

Da rana tsaka ya hau dutse wurin boka, da jakar rigunan 'yan wasa a kafaɗa. Bukkar ba taga. Muƙamuƙan aladu ne jere a rufin, hayaƙi ya mayar da su baƙi. Bokan ya tauna citta, ya fesa wa riguna goma sha ukun ɗaya bayan ɗaya, ya shafe wuyan kowace da toka da kitse.

"Duk dukan da yaranka za su sha a fili, riga ce za ta shanye. Ba za su ji ba. Ladana alade biyu."

"Baba, ɗaya gare ni."

Sun daɗe suna ja. Da bokan ya yarda da ɗaya, sai ya yi murmushi, ya tambaye shi ko ba shi da wata tambaya. Kaupa ya ce babu.

Suka ci wasan. Yaran suka yi ta karo kamar itatuwa, ba wanda ya ɗingisa. Kujera ta zama ta Kaupa, gida da mota suka biyo.

To, a wurinmu iyalin koci ne ke wanke riguna a rafi ranar Litinin. Girmamawa ce, ba a ba wa bare. Matarsa Wame ta fara. Kowane mako takan dawo da kumburin da ba ta san mafarinsa ba. Wata Litinin haƙarƙarinta ya karye tana durƙushe kan dutse, ba wanda ya taɓa ta. Kafin ranar Laraba, ta rasu.

Kaupa ya gane. Amma saura wasa biyu a ɗauki kofi. Ya miƙa wa 'yarsa Ipai kwandon wankin. Ta dawo kanta ya juye, tana kare fuska daga mutanen da babu su. Ya kai wa mahaifiyarsa.

"Ɗana, yau ba ka kallon idona," in ji tsohuwar.

"Gajiya ce, Inna."

A rafin aka ɗauko gawarta.

Bayan wasan ƙarshe aka ɗaga kofi, kwamiti ya aiko a wanke riguna don ɗaukar hoto. Ba kowa a gidan, maƙwabta kuma sun daina amsa gaisuwarsa. Ya hau dutse, ya tarar da bukkar wayam. Sai ya gangara rafi da kansa.

Dukan ƙarti goma sha uku ya sauka a jiki ɗaya.

Bai mutu ba. Yana nan bakin tasha, a naɗe cikin buhun kofi, yana cuɗa iska da hannayensa biyu. Dattijo Mondo ne koci yanzu. Wani lokaci su ci, sau da yawa su faɗi, kowa ya koma gida da ciwonsa.

'Ya'yana, in aka ce za a ɗauke muku wahalar da taku ce, kada kwaɗayi ya hana ku tambayar a kan wa za a sauke ta. Kaupa ya sami lokacin yin ciniki a kan alade.