Tsakuwar da Ke Cikin Zabirar Tunau

Ku matso kusa. Kai mai dariya, je ka yi fitsarinka tun yanzu, don in na fara ba wanda zai raka ka bayan ɗaki.

Tun zamanin da kakannin kakanninmu ke zuwa Katsina a ƙafa, an yi wani wanzami a Kwarin Gamji, sunansa Tunau. Aski da ƙaho kowane wanzami ya iya. Shi gwanintarsa fitar da tsakuwar mara. Mutum zai zo a duƙe, fitsari ya ƙi fita sai ɗigo da jini, ƙarti huɗu su danne shi, Tunau ya tsaga, ya zaro dutse kamar ƙwan kurciya ya ɗora masa a tafin hannu. Duk ƙasar ba mai wannan aiki sai shi.

Amma ba ya sa aska sai an ba shi rana. Haka ya gada. Masu hisabin taurari sun ce kowace gaɓa ta jiki da taurarinta, mara kuwa ta Kunama ce. In wata ya sauka cikin taurarin Kunama aka yanka mara, jini ba ya tsayawa. Tunau bai san taurari ba, bai kuma damu da ya sani ba. Malam Barmo ne mai duban sama, shi ke cewa yau ko gobe.

Wata damina ciwon ya kama Nomau, yayan Tunau uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya rene shi bayan rasuwar iyayensu. Nomau kuwa bakinsa ba linzami. Shekarar da ta gabata Malam Barmo ya ce a yi shuka, ruwa ya zauna, sai iri ya ƙone a ƙasa. Nomau ya tsaya tsakiyar kasuwa ya ce gara a riƙa tambayar kwaɗo. Aka yi wata guda ana yi wa Malam dariya.

Tunau ya je ya durƙusa a zauren Malam.

"Allah gafarta Malam, Yaya ne. A ba ni rana."

Malam ya buɗe gafaka, ya daɗe yana juya takardu.

"Laraba," in ji shi. "Da hantsi."

Ranar Laraba da hantsi Tunau ya tsaga yayansa. Tsakuwar ta fito da sauƙi, fara, mai santsi, da ɗan tsagi a gefe inda ƙarfensa ya kama ta. Sai jini ya ɓalle. Aka sa auduga, aka sa toka, aka sa duk abin da aka sani. Kafin la'asar Nomau ya cika, kansa a cinyar ƙanensa.

A al'adar masu wannan aiki, in mara lafiya ya mutu, da tsakuwarsa ake binne shi. Tunau bai san inda hankalinsa yake ba ranar nan. Ya jefa ta cikin zabira tare da asake, ya manta. Daga nan ya daina yanka, sai aski kawai. Ba ya ci, ba ya barcin kirki, kullum yana duban hannunsa yana cewa shi ya kashe Yaya.

Ran nan yana dawowa daga askin suna a ƙauye, rana ta faɗi masa a hanya. Ya yanke ta tsohuwar marina, inda aka daina rini tun kafin a haife shi. An yi ruwa da rana, ƙasa duk laka. A bakin wani ramin rini ya ga tsoho zaune, lulluɓe da baƙin zane.

"Wanzam. Aski."

"Baba, ba a aski bayan faɗuwar rana."

"Aski."

Bakin tsohon ya motsa, amma muryar daga cikin ramin ta fito. Tunau ya duba ƙasa. Sawunsa ne kaɗai a lakar, ba na wanda ya zo ya zauna. Ya tsuguna. A ƙarƙashin zanen ya hango kofato biyu.

Ya so ya yi addu'a, harshe ya ƙi. Ya ciro aska. Kan tsohon sanyi ƙalau kamar gindin randa, kuma duk inda aska ta wuce gashi na sake tsirowa a bayanta.

"Akwai abin da ke kuka cikin zabirarka," in ji tsohon. "Ya hana mu sakat. Kwana nawa da yankan?"

"Ashirin da bakwai."

"Ɗaga kai."

Tunau ya ɗaga. Gajimare ya yaye. Ga wata, kusa da shi wata jar tauraruwa, a bayanta jerin taurari sun lanƙwashe kamar wutsiya mai shirin harbi.

"Kunama ke nan. Wata kan zagayo gida ɗaya bayan kwana ashirin da bakwai. Inda yake yau, nan yake ranar Larabar nan. Ko ɗalibin jiya ya san wannan, balle Barmo."

Tsoro ya fice daga jikin Tunau, wani abu mai zafi ya maye gurbinsa. Ashe da hannunsa aka ɗauki fansar maganar kwaɗo. An mai da shi wuƙa, an yanka masa ɗan'uwa da shi.

"Ba ni tsakuwar," in ji tsohon, ya miƙo hannu.

"Me za ka yi da ita?"

"Ba ni zan yi ba. Tana bin wanda zuciyarka ta fi ƙi, ta kwana a mararsa. Ka yi tunani."

Ya ce masa ya yi tunani, kun ji. Tunau bai yi ba. Ya zazzage zabira, ya ɗauko tsakuwar, ya ɗora a tafin nan mai sanyi. Da ya sake ɗaga ido, shi kaɗai ne a bakin ramin, da aska a hannu.

Kwana uku aka fara jin nishin Malam Barmo daga waje. Kwana bakwai ba ya iya miƙewa salla. Aka ba shi jiƙo, aka ba shi rubutu, fitsari sai ɗigo. Ya aika a kira Tunau.

Tunau ya zo da zabirarsa, ya gaishe shi da ladabi, ya taɓa marar.

"Tsakuwa ce, Allah gafarta Malam. Aikin ɗan lokaci ne. A ba ni rana."

Bayan magariba aka fito da Malam tsakar gida a kan tabarma ya duba sama. Ya ce wata na cikin Kunama, a jira kwana uku. Bayan kwana uku aka sake fito da shi. Ya murza ido, ya sake dubawa.

"Bai gusa ba," in ji shi.

Tunau na tsaye a gefe. Shi ma ya ɗaga kai, yanzu ai ya san Kunama. Wata ya bar ta tuni, ya yi gabas abinsa. Idon Malam ne kaɗai ke ganinsa a can. Kalma ɗaya ta isa ta ceci mutumin, Tunau ya haɗiye ta.

"Ni wanzami ne, Malam. Ban san taurari ba."

Haka aka yi ta yi. Wata ya cika, ya ragu, ya ɓata, Malam na rantsuwa yana ganinsa daram a ƙirjin Kunama. Mara ta kumbura. Wanda ya saba sa mutane jira, ga shi yana cizon tabarma. Kullum Tunau na zuwa, ya wasa askarsa a gabansa, ya mayar cikin zabira. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi yake ji.

Ranar ƙarshe Malam ya kama ƙafarsa.

"Tunau, yanka ni. Ko a Kunama ne, yanka ni."

"A Kunama jini ba ya tsayawa, Malam. Ko ka manta?"

"Ban manta ba. Ranar nan ma ban manta ba. Na sani na ba ka Laraba. Ka yafe mini."

Tunau ya zare ƙafarsa a hankali.

"Ba ni za ka roƙa ba. Ka kusa ganin Yaya, sai ka roƙe shi."

Da asuba Malam Barmo ya mutu.

Tunau ya zaci zai sami barci. Bai samu ba. Da ya rufe ido sai ya ji hannun nan a ƙafarsa. Ranar da ya yanka Yaya kam bai san an ba shi muguwar rana ba, amma wannan karon da idonsa ya ga sama tas, da aska a hannu, ya tsaya yana kallon mutum na mutuwa. Barmo sau ɗaya ya yi ƙarya. Shi ya yi ta kwana ashirin. Ya nemi wanda zai ƙi a duniya ya rasa, don Barmo na cikin ƙasa. Sai mutum ɗaya ya rage, shi kansa.

Wata safiya ya zagaya bayan ɗaki, ya tsuguna, ya jira. Ɗigo uku suka fito, na ukun ja. Ya sa yatsun nan nasa da ba su taɓa kuskure ba ya danna mararsa. Ya ji ta, mai santsi, har da ɗan tsagin gefen.

Duk ƙasar kuwa mutum ɗaya ne ya iya fitar da ita.

Tsohuwar marinar tana nan, bayan gonar da kuke zuwa tsinkar zogale. Kada wanda ya bi ta nan shi kaɗai in rana ta faɗi, balle da haushin wani a ransa. In kuwa kuka ji an ce "aski" daga cikin rami, kada ku waiwaya. To, wa ke jin fitsari?